AMSAR TAKARDUNKU: Yaro Yana Kwana Yi Wa Wasu Aiki Kyauta A Kwamfuta

 Takardar wannan mako ta fito ne daga wajen wani dattijo manomi, mai taɓa fataucin hatsi, a karkarar Funtuwa. Ya roƙi kada a faɗi sunansa, don kada yaron ya ce an kai ƙararsa gidan rediyo. To Alhaji, mun rufa asiri.

Ga abin da ke damunsa. Ya sayar da ɗan maraƙi, ya cika da kuɗin masara, ya saya wa ɗansa na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, bayan yaron ya gama koyon aikinta. Yau wata huɗu ke nan yaro yana raba dare a kanta, kullum kuɗin data da na caji. Da aka tambaye shi, sai ya ce yana taya wasu mutanen ƙasar waje gina manhajar rubuta labarin fim ne a intanet. Nawa suke biya? Ko kwabo. Shi ne Alhaji yake tambaya: wannan ba damfara ba ce kuwa? Ya hana shi, ko ya ƙyale shi? Ga damina ta kawo kai.

To Alhaji, ka kwantar da hankalinka, irin wannan aiki sananne ne a duniya, kuma ba jiya aka fara shi ba. Amma akwai abin dubawa a ciki, za mu zo kansa.

Kowace manhaja, asalinta dogon rubutu ne na umarni wanda na'ura take bi. Kamfanoni da yawa ɓoye nasu suke yi, su sayar maka da abin a ƙulle. Wasu mutane kuma sukan baza nasu a fili, su ce kowa ya karanta, ya gyara, ya ɗauka. Mu kira shi aikin gayya. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara irin wannan aiki mai suna Linux, jama'a suka taru suka taya shi. Wayar Android da ke aljihunka, Tecno ce ko Itel, a kan wannan Linux ɗin aka ɗora ta. Ka ga ashe kai ma ka daɗe kana cin amfanin gayyar ba ka sani ba.

Sai dai gayyar nan ta sha bamban da ta gona. A gona, an sha fura an watse, hatsi na mai gona ne. A nan kuwa kowa yana iya kwasar amfanin gaba ɗaya, kuma rumbu bai ragu ba. Akwai takardar sharaɗi da ake liƙa wa kowane aiki, ana ce mata lasin. Wani lasin, mai suna GPL, ya ce duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, tilas shi ma ya buɗe nasa gyaran. Wani kuma, mai suna MIT, ya yarda kamfani ya ɗauka ya sayar, muddin bai cire takardar lasin da sunan masu aikin ba. Wato dai, gaskiya ɗaya ce, yana yiwuwa wani ya ci kuɗi da gumin ɗanka bai ba shi sisi ba, kuma bai karya doka ba. Ya kamata yaron ya karanta lasin aikin da yake ciki, ya san wanne ne.

Me ya kai labarin fim cikin wannan? Ai ka san kafin a ɗauki wasa irin Daɗin Kowa, sai wani ya zauna ya rubuta wa zai ce me, a ina, da rana ko da dare. Wannan rubutu yana da ƙa'ida mai tsanani: sunan mai magana wajen tsakiyar shafi da manyan baƙaƙe, maganarsa a ƙarƙashi, har girman baƙaƙen an ƙayyade, ta yadda shafi ɗaya zai zama kamar minti ɗaya na kallo. Da haka mai zuba kuɗi yake ƙiyasta tsawon fim tun ba a kunna kyamara ba. Manhajar da manyan masu fim na Amurka suka fi sabawa da ita, Final Draft, ta kuɗi ce, da dala ake saye. A 2012 wani marubucin fim na Amurka, John August, da abokan aikinsa suka fito da wata hanya mai suna Fountain, wadda kowa zai iya rubuta labarinsa da ita a kowace irin na'ura, kyauta. Daga nan mutane suka shiga gina manhajojin da ke karɓar wannan rubutu su tsara shi shafi-shafi. Wata daga cikinsu, Afterwriting, a shafin intanet take aiki, ba sai an girka komai ba. Alhaji bai faɗi sunan wadda ɗansa yake ciki ba, amma 'yan gida ɗaya ne.

Ana ajiye irin waɗannan ayyuka a wata ma'ajiya ta intanet mai suna GitHub, wadda aka buɗe a 2008, kamfanin Microsoft ya saye ta a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Sabon shiga ba ya taɓa ainihin aikin. Kwafi yake ɗauka, ya yi gyara a nasa, sannan ya miƙa ya ce a duba. Mai kula da aikin shi ne zai karanta, ya ce nan ya yi, nan sake, ko ya ƙi gaba ɗaya. In ya karɓa, sai gyaran ya shiga, da sunan yaron da ranar da ya yi, kowa a duniya yana iya gani.

A nan ladan yake, Alhaji. Kai ɗan kasuwa ne. Yaron da aka kai wa maigida a kasuwar Dawanau, shekarar farko ai ba albashi yake bi ba, awo yake koyo, da gane hatsin da ƙwari suka ci. Ɗanka ya sami wanda ya fi shi sani yana duba masa aiki layi-layi bai biya kuɗin makaranta ba. Ran da zai nemi aiki kuma, ba takardar shaida kaɗai zai nuna ba, zai ce ga abin da na yi, ga waɗanda suka karɓa. Amma kada wani ya ce maka wannan alkawarin aiki ne. Ba alkawari ba ne. Akwai dai shirin kamfanin Google da aka fara a 2005, wanda ke biyan sababbin shiga don su yi 'yan watanni suna irin wannan aiki, sai dai gasa ce, kuma sai a ƙungiyoyin da aka zaɓa a shekarar.

Yanzu bari in juya ga yaron, don na san yana kusa da rediyo. Samari, kuskuren sabon shiga shi ne ya zo da gatari ya ce zai sake ginin gida. Mai kula da aikin sau da yawa mutum ɗaya ne, yana da nasa aikin na neman abinci, da dare yake leƙowa. In ka jibge masa gyara mai layi dubu, ba zai karanta ba. Ka fara da karanta ƙa'idar gidan, ka kunna manhajar a na'urarka, ka rubuta ɗan wasa da ita. Kuma kana da abin da su ba su da shi: Hausa. Dokar Fountain ta ce layin da aka rubuta duka da manyan baƙaƙe shi ne sunan mai magana. To wasu manhajojin A zuwa Z kaɗai aka koya musu. Rubuta ƊANLADI ko ƘANWA ka gani. In ta ɗauki sunan a matsayin zancen banza, ka kama aibi na gaske. Fountain ta tanadi alamar @ da ake sa wa gaban suna don tilasta na'ura ta gane shi, amma marubucin Kano ba zai so ya riƙa buga ta sau ɗari uku a labari ɗaya ba. Haka nan wajen fitar da shafi: ba kowane salon baƙaƙe ne yake da ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ka ga ɗan akwati a gurbinsu. Ka rubuta musu bayani a taƙaice, ga abin da na buga, ga abin da ya fito, ga abin da ya kamata ya fito. Ka tambaya ko suna son gyaran kafin ka fara. Ƙila layi biyar ne zai warware shi. Kuma kada ka miƙa abin da wata na'ura ta rubuta maka alhali ba ka fahimce shi ba, don tambaya ɗaya za a yi maka asiri ya tonu.

Mu dawo gare ka, Alhaji. Damfara tana da alama. Aikin gayya na gaskiya ba ya neman kuɗin rajista, ba ya neman lambar BVN ko ta asusun banki. In an taɓa neman ɗaya daga ciki, a rufe maganar yau. In ba a nema ba, ka zaunar da shi ya nuna maka shafin. Ba sai ka iya Turanci ba. Ka ce ya nuna maka sunansa, da gyara nawa aka karɓa cikin wata huɗun nan, da ranar ƙarshe da mai kula da aikin ya amsa wa wani. Wannan ta ƙarshe ita na fi so ka riƙe, don irin waɗannan ayyuka da yawa masu su sun yi watsi da su, shafi yana nan amma ba kowa a gida. In an shekara ba wanda ya amsa, yaron yana zuba ruwa ne a kwando, ya nemi wani aikin mai rai.

Batun damina kuwa, aikin nan ba shi da ƙararrawa, ba wanda zai kore shi don ya yi sati uku yana huɗa. Ya rubuta musu layi ɗaya cewa ya tafi gona zai dawo, sun saba jin irin haka. Kuɗin data ma, rubutu ba ya cin data kamar kallon bidiyo, in ban da ranar da yake sauke kayan aiki. In ka ga kuɗin sun yi yawa, ka tambaye shi me kuma yake kallo.

Alhaji, sai mun ji daga gare ka bayan ka ga shafin. Jama'a, ku huta lafiya.