Jirgin da ke tsayawa ko don mutum ɗaya: tafiyata a gaɓar tekun arewacin Norwe

Yau dai za mu ɗan huta da siyasar gida, zan ɗauke ku mu je can ƙuryar arewacin Turai, ƙasar Norwe, inda na yi kwanaki ina bin gaɓar teku a jirgin ruwa, ni kaɗai da jakata a baya, ba ɗan jagora, ba kamfanin yawon buɗe ido. Da yawanku kun yi ta tambaya: yaya ake yi, kuma me na gani? Toh, ku gyara zama.

Da farko ku fahimci yadda ƙasar take. Norwe doguwa ce siririya, gaɓarta duk duwatsu ne da tsibirai, teku ya yi ta kutsawa cikin tsaunuka kamar yatsu. Garin da kake hange tsallaken ruwa, a mota sai ka yi awanni kana zagaye kafin ka isa. A da, wasiƙa daga birnin Trondheim zuwa Hammerfest takan yi makonni a hanya lokacin zafi, in hunturu ne kuwa sai ta shafe watanni. A shekarar 1893 wani matuƙin jirgi mai suna Richard With ya yarda zai riƙa bin hanyar a kai a kai, da tallafin gwamnati, ba dare ba rana. Tafiyarsa ta farko awa 67 ta ɗauka. Daga nan aka samu abin da suke kira Hurtigruten, ma'ana hanya mai sauri.

Yau hanyar ta tashi daga Bergen a kudu har Kirkenes a bakin iyakar Rasha, tashoshi 34, zuwa da dawowa wajen kwana 12. Kamfanoni biyu ne ke raba aikin tun 2021, Hurtigruten da Havila, kuma gwamnati ce ke biyan su bisa yarjejeniya don su riƙa tsayawa a waɗannan tashoshi, su ɗauki mutanen gari da kayansu. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan zancen namu.

A cikin jirgin akwai mutane iri biyu. Akwai masu yawon buɗe ido da suka sayi tafiyar gaba ɗaya, da ɗakin kwana da abinci sau uku, yawanci dattawa ne 'yan fansho daga Jamus da Ingila. Akwai kuma masu tikitin tasha zuwa tasha: ɗalibai, masunta, ma'aikata, masu zuwa ganin likita. Ni na bi sahun na biyun. In tafiyarka ba ta kai kwana guda ba, ba dole ka kama ɗaki ba, kujera ta ishe ka. Sai ka sauka a garin da ya yi maka, ka kwana, gobe ka hau wani jirgin ka ci gaba. Kuɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kana tare da masu ƙasar.

Na hau ne a Bodo, inda layin dogon da ya taso daga kudu ya ƙare. Daga nan jirgi ke tsallaka buɗaɗɗen teku na wajen awa huɗu zuwa tsibiran Lofoten. Shawara kyauta: in ka san mota ma tana sa ka amai, ka sha maganin jiri tun kafin a tashi. Teku ba ya kunyar kowa.

A Lofoten ne na ga abin da ya sa ni dariya ni kaɗai. Manyan ragaye na katako, jere-jere a bakin ruwa, an rataye kawunan kifi fal, wari kuwa har cikin riga. Na tambayi wani dattijo ina ake kai su. Ya ce: "Daga ina kake?" Na ce Najeriya. Sai ya bushe da dariya, ya nuna ni da yatsa, ya ce: "Wurinku!" Wallahi kuwa. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, wani irin kifi ke gangarowa daga tekun arewa ya yi ƙwai a nan. A kama, a rataye a iska ba gishiri, sanyi ya busar da shi. Mafi kyawunsa a kai Italiya, kawunan kuma su nufo Najeriya. Shi ne busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Inyamurai ke kira okporoko. Wato akwai iyalai a can ƙarshen duniya da cefanensu ya rataya a tukunyar miyar mutanenmu. Da darajar naira ta faɗi, su ma sai sun ji a jikinsu.

Daga nan sai Tromso, babban birnin yankin. Na je ne a watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa sam, tun daga wajen 20 ga Mayu har ƙarshe-ƙarshen Yuli. Ƙarfe ɗayan dare, rana tsaye, yara na wasa a waje. Na san tambayar da ke bakinku: to sallah fa? Akwai masallaci a garin, sunansa Alnor, kuma a irin wannan lokaci da babu fitowa babu faɗuwa, jama'ar wurin suna bin lokutan Makka, bisa fatawar malamai. Da hunturu kuma abin ya juye: daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa ko kaɗan.

In ka wuce Tromso ka shiga yankin Finnmark, sai bishiyoyi su fara ɓacewa, sai dutse tsirara da iska. Za ka lura gidajen kusan duk iri ɗaya ne, ba ka ganin tsohon gini. Dalili? A ƙarshen 1944, sojojin Jamus da ke janyewa sun ƙone kusan duk yankin ƙurmus, suka kwashe mutane da ƙarfi zuwa kudu. Bayan yaƙi mutanen suka koma kan toka suka sake gini. Nan ne kuma ƙasar al'ummar Sami, masu kiwon barewar ƙanƙara, waɗanda gwamnati ta daɗe tana danne harshensu a makarantu. Sai da suka yi gwagwarmaya, musamman zanga-zangar ƙin gina madatsar ruwa ta Alta tsakanin 1979 da 1981, kafin aka buɗe majalisarsu a 1989. Don haka kada wani ya ce muku aljanna ce. Su ma suna da tabonsu.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne a wani ƙaramin gari, Batsfjord, wajen sha biyun dare. Masu yawon buɗe ido duk sun yi barci. Jirgi mai ɗaukar ɗaruruwan mutane ya rage gudu, ya matso bakin tasha, aka sauke tsani. 'Yar motar ɗaga kaya ta fitar da kwalaye kaɗan. Mutum ɗaya tal ya hau: wata tsohuwa da sandarta da 'yar jaka. Ba a yi minti 15 ba muka tashi. Ta zauna kusa da ni, muka gaisa, ta ce asibiti za ta a Kirkenes, da safe za ta ga likita. Na ce: "Mama, duk wannan jirgi don ke kaɗai ya tsaya?" Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce: "To ai nan nake zaune."

Jama'a, ku ji amsar nan da kyau. Ba ta ce an yi mata alfarma ba, ba ta gode wa wani ɗan siyasa ba. A wurinta, zama a gari mai nisa bai rage mata komai daga zama 'yar ƙasa ba. Da hunturu ƙanƙara kan toshe hanyoyin mota a tsaunukan nan, wani lokaci sai an jera motoci a bayan motar share hanya, wani lokaci a rufe gaba ɗaya. A irin wannan ranar jirgin ne ke riƙe da gari.

Amma akwai ja-in-ja. Kuɗin masu yawon buɗe ido ne ke cika aljihun kamfani, kuma mai kuɗi shi ke juya akala. Matasan ƙananan garuruwan nan suna ta ƙaura zuwa birane, ƙananan jiragen sama sun rage masu hawa na ruwa, kuma kullum akwai masu lissafin cewa tsayawa don mutum ɗaya asara ce. Duk lokacin da za a sabunta yarjejeniyar, wannan tambaya kan dawo: jirgin na wane ne, na mai ɗaukar hoto ko na mai zuwa asibiti? Ni dai ra'ayina a fili yake. Ranar da aka daina tsayawa a Batsfjord, abin da mai hoton ya biya kuɗi don ya gani ma ya mutu.

Ga mai niyyar zuwa, ga 'yan abubuwa. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Shengen, don haka bizar Shengen za ka nema, ta hanyar da ta dace. Rayuwa akwai tsada, ka yi sayayyar burodi da kifin gwangwani a kanti kafin ka hau, kuma ka tuna yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Ruwan famfo ana sha, ka riƙe gorarka. Kusan komai da kati ake biya. Dokarsu ta 1957 ta ba kowa damar kafa tanti a daji har kwana biyu, muddin ka yi nisan mita 150 daga gidan mutane. Ko a Yuni ka ɗauki rigar sanyi mai tare iska. Sannan in jirgi ya ce minti 10 zai tsaya, to 10 ɗin ne, ba ya jiran kowa. Garuruwan da ya ratsa da dare a hanyar arewa, yawancinsu da rana yake bi ta kansu a dawowa, sai ka tsara tafiyarka da wannan.

Nan za mu dasa aya. Wanda ke da tambaya ya aiko, zan amsa a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.