Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu: Hattara Da Fiya-Fiya

Sauron Ikko da Badun ya sa fiya-fiya ta shiga ɗakunan 'yan ci-rani, alhali kuwa gubar da ke cikinta, watau dikulobos, ita ce ta cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a 2019.

Gubar nan jijiyoyi take kamawa. Wanda ya yayyafa ta, ya rufe ƙofa ya kwanta, yana iya farkawa da dalalar miyau, gumi, amai da sarƙewar numfashi. Yara kuwa sun fi saurin galabaita.

In haka ta faru, a fid da shi waje, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Manja ko madara ba makari ba ne. Gidan sauro ya fi aminci. Allah ya kiyaye, amin.