Wasan cikin ɗaki yana buɗe kan yaro

Ga jawabin da wata ma'aikaciyar lahiya ta yi wa ƴan karatun manya, maza da mata. Mun rubuta shi don waɗanda ba su samu zuwa ba. A karanta shi a kowane wurin karatu, a yi shawara a kai.

  

Yau ba maganar allura ta kawo ni ba, ba kuma maganar sauro ba. Maganar wasa ce. Na ga wasu sun yi murmushi. To, ku saurara tukuna.

Akwai ranakun da yaro ba ya iya fita waje. Da damina ruwa yakan tsare mu cikin ɗaki. Da hunturu ga sanyi ga ƙura, yaro na tari, uwa ta hana shi fita. Da bazara kuwa, in rana ta take, ko akuya inuwa take nema. A irin wannan lokaci mi muke ce wa yara? "Zauna! Yi shiru! Kada ka taɓa!" Yaro ya zauna yana kallon bango, ko ya yi ta rigima har ya sha mari. Wannan lokaci ne nake so mu ci moriyarsa.

Ƙwaƙwalwar yaro tana girma da sauri ƙwarai tun yana ciki har ya kai shekara 3. Bayan nan ba ta ƙara yin irin wannan gudun. Nono da abinci suna gina ta, amma su kaɗai ba su isa ba. Sai yaro ya ji magana, ya ga fuska, ya taɓa, ya gwada. Ku manoma ne. Kun san shukar da aka yi a kan lokaci ba ɗaya take da ta baya ba.

Ga wani labari na gaskiya. Akwai wata ƙasa mai suna Jamaika, tsibiri ce kusa da Amurka. A shekarar 1986 likitocin can suka fara aiki da yara 129 na gidajen talakawa. Yaran daga wata 9 zuwa wata 24 suke, duka sun tsumbure. Aka raba su kashi-kashi. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma, kowane mako ma'aikaciyar lahiya ta zo gidansu, ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta. Kayan wasan ba na kanti ba ne, da tarkacen gida aka yi su. Haka aka yi shekara 2. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran, sun zama manya. Aka tarar waɗanda aka yi wasa da su sun fi sauran samun kuɗi da kashi 25 cikin 100. Wato inda wancan ke samun jika 4, wannan na samun jika 5. An buga wannan sakamako a 2014.

Har a wurin jinyar tamowa, likita yakan ce a yi wasa da yaro minti 15 zuwa 30 kowace rana. Wasan yana cikin maganin.

To, wane irin wasa? Ko dala ba za ku kashe ba. Kayan duka suna cikin ɗakinku.

Mu fara da jariri. Wata za ta ce: "Don mi zan yi wa jariri magana, tunda ba ya ganewa?" Yana ji, inna. Tun yana ciki yake jin muryarki. In kina ba shi nono, ki dube shi cikin ido. In ya ce "a", ke ma ki ce "a", ki jira ya sake. Wannan hira ce, ita ce mafarin magana. In yana farke, ki shimfiɗa zane mai tsabta bisa tabarma, ki kwantar da shi rub da ciki, kina kusa. Zai ɗaga kai ya neme ki. Haka wuya da baya ke yin ƙarfi. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ce a yi haka minti 30 a yini, kaɗan-kaɗan, ba a lokaci guda ba. Amma in barci zai yi, a kwantar da shi rigingine.

In ya kai wata 8 ko 9, ga wasan ɓoyo. Ki rufe fuskarki da kallabi, ki ce: "Ina inna?" Ki buɗe, ki yi dariya. Sannan ki ɗauki ludayi, ki rufe shi da faifai yana kallo. Da fari zai yi kamar ludayin ya ɓace daga duniya. Wata rana sai ki ga ya miƙa hannu ya ɗage faifan. Ran nan ya gane abu yana nan ko ba a ganinsa. Ba ƙaramin ilimi ba ne.

Yanzu ga ƙwarya. Ni a ganina babu kayan wasan da ya kai ta. Ku samo ukku: babba, matsakaiciya da ƙarama. Ku ba yaro mai shekara 1 ko 2. Zai sa babba cikin ƙarama, ta ƙi shiga. Zai juya, ya sake. Kada ku karɓe ku yi masa. Ku bar shi ya sha wuya kaɗan. In ta shiga, ku yi masa taɓi. Kuna yi kuna faɗi: "Wannan babba, wannan ƙarama. Ciki. Waje. Bisa. Ƙasa." Ya kife su, ya jera, ya rushe. Rushewar ma karatu ce, kada ta ba ku haushi. Ku ba shi ludayi ya buga, ya ji kowace da irin kukanta. Ku kife su duka ukku, ku ɓoye goriba ƙarƙashin ɗaya yana kallo, ku ce ya nemo. In ya ƙara wayo, ku sauya musu wuri sannu-sannu, ya bi da ido. Da ƙwarya ukku yaro ya koyi girma, ya koyi wuri, ya koyi haƙuri.

Yaro mai shekara 2 yana son a aike shi. Ku aike shi cikin ɗaki: "Kawo mini tsintsiya." In ya iya, ku haɗa biyu: "Ɗauko moɗa, ka kai wa kaka." Ku tambaye shi: "Ina hancinka? Ina kunnen baba?" Ku yi kukan tunkiya, ya faɗi sunanta. Shi ma ya yi kukan jaki, ku faɗi.

Daga shekara 3 zuwa 5 wasa yakan ƙara daɗi. Ki zuba wake da masara cikin faifai guda, ki ce ya raba, kowane da gefensa. Kina tsince hatsi, shi ma yana nasa aiki kusa da ke. Ya ƙidaya da baki: ɗaya, biyu, ukku, yatsa bisa kowace ƙwaya. Ga kuma wasan "mi ya ɓace". A jera abu 4 bisa tabarma: cokali, zobe, albasa, mataji. Yaro ya rufe ido, a ɗauke guda. Ya buɗe, ya faɗi abin da babu. In ya ƙware, a ƙara su zama 6. Ku gwada da manya ma, za ku sha dariya.

Ga wanda na fi so ku riƙe, ku ƴan karatu. Ku tuna ranar da kuka fara riƙon alli. Hannun da ya saba da hauya da taɓarya ya ƙage. Wasunku har gumi suka yi kafin su rubuta "a". Yatsu ma sai an koya musu. Ku zuba rairayi mai tsabta cikin tire ko faifai. Ku ja sanda da yatsa, yaro ya ja. Ku yi da'ira, ya yi. Ku yi tahiyar maciji, ya bi. A girgiza, a sake. Sanda da da'ira su ne ƙashin haruffa. Ku dubi "o", ku dubi "l", ku haɗa su ku ga "b" da "d". Ba na ce ku tsare ɗan shekara 4 da karatu ba. Wasa ne, in ya gaji a bari. Amma ranar da ya shiga lakwal ko makarantar allo, alli da alƙalami ba za su zame masa baƙi ba.

Jiki ma yana son rabonsa, ko ɗaki ƙarami ne. Ku miƙe igiya a ƙasa, yaro ya taka ta daga fari har ƙarshe. Ya ɗora faifai a ka, ya tahi bakin ƙofa ya komo. Mai shekara 4 ya gwada langa. Ku dunƙule tsumma, ya jefa cikin kwando. Akwai kuma wasan taɓi: kuna taɓi yana rawa, in kun tsaya ya tsaya cik. Yaron da ya iya tsayar da jikinsa in an ce tsaya, zai iya zama ya saurari malami.

Carabke, dara, kacici-kacici da gatana kuwa, kun fi ni saninsu. Na san ana cewa ba a gatana da rana. To, a bar ta sai dare. Amma in an gama, a tambayi yaro: "Mi gizo ya yi? Kai da mi za ka yi?" Gobe shi ya ba da labarin, ko ya karkace.

Akwai wata magana, ku gafarce ni. Ita ce kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Ban zo rushe al'ada ba. Amma ɗan fari ma yaro ne, kansa na jiran magana kamar na kowa. Cikin ɗaki, ke da shi, wa ke ganinki? In kuma abin ya yi miki nauyi, ga kaka, ga goggo, ga abokiyar zama. Tsakanin kaka da jika dama akwai wasa, sai a ƙara masa ƙwarya da rairayi.

Ku kuma iyaye maza, na ga kuna kallon mata kamar da su kaɗai nake. Uwa na daka, na ɗebo ruwa, na neman itace. Kai maigida, in ruwa ya hana ka zuwa gona, kana zaure kana tufkar igiya. Kira yaron. Minti 10 ya isa. Ba ya rage girma.

Sai a kula da haɗari. Yaron da bai kai shekara 3 ba, komi baki yake kaiwa. Kada a ba shi wake, gyaɗa, tsakuwa, kuɗin ƙarfe ko ƙaramin pil, suna shaƙe yaro. In manyan yara sun gama carabke, a kwashe duwatsun. A nisanta shi da leda. Galan ko kwalbar da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba kayan wasa ba ne, ko an wanke. A kakkaɓe tabarma saboda kunama. Kada a bar bokitin ruwa a buɗe kusa da mai rarrafe, kada kuma a yi wasa kusa da garwashi.

Wayar salula fa? Na sha ganin an miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Yana yin shirun, gaskiya ne, amma waya ba ta amsa masa in ya ce "a". A 2019 OMS ta ba da shawara: yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a zaunar da shi kallon waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4, kada ya wuce awa guda a yini, in an rage ya fi.

Wasa yana kuma nuna mana in akwai matsala. Kowane yaro da saurinsa, kada ku gwada naku da na maƙwabta. Amma in kin buga ƙwarya bayan jariri bai taɓa juyowa ba, ki kai shi gidan likita a duba kunnensa, balle in ya yi sanƙarau ko kunne na zubar da ruwa. Haka nan in ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ya daina abin da da yake yi. Kada a zauna ana cewa nauyin baki ne na gado. A je a duba.

Mako mai zuwa zan komo. Kowa ya zo da ƙwarya ukku da faifai guda, rairayi kuwa ga shi nan ƙofar gida. Mai ƙaramin yaro ta zo da shi. Mu manya za mu fara gwadawa, sannan yara. Mai tambaya ya ɗaga hannu.