Filin Wasa: Da Wane Mudu Za Mu Auna Amfaninsa?

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, 'yan'uwa 'yan asalin Gaya da Ajingi mazauna birane, barkanmu da zuwa gida.

Duk shekara idan muka hallara, koken matasanmu ɗaya ne: a nema musu filin wasa mai katanga da rumfar 'yan kallo. Koke ne mai kyau. To amma kafin mu kai ƙoƙon bararmu gaban hukuma, ya kamata mu san yadda ake gane filin da ya biya kuɗin da aka kashe masa. Tarihi ya ce Abagayawa maƙera ne, maƙeri kuwa ba ya yabon fartanya sai ta shiga gona.

Mu ɗauki filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda da yawa daga cikinmu muka sani. Ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Nan ne gidan Kano Pillars, zakarun ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Duk da wannan ɗaukaka, a gasar da ke da ƙungiyoyi 20, wasa 19 kacal kowace ke yi a gida. A cire 19 daga kwana 365, saura 346. Abin da fili ke yi a waɗannan kwanaki shi ne ainihin mudun awo, domin ciyawa na shan ruwa, mai gadi na karɓar albashi, ko an buga ƙwallo ko ba a buga ba.

Mu dawo gida. Filin makarantar firamare a ƙauyukanmu ba shi da katanga, sau da yawa ma ƙarafan raga itace ne. Amma da hantsi 'yan makaranta na kansa, daga la'asar zuwa magariba samari sun karɓe shi, bayan kaka a kafa dambe ko kokawa. Idan kwanakin aiki za a ƙirga, wannan fili ba ya jin kunyar na birni. Illarsa guda, babu mai rubutawa. Ranar da wani ya zo da shawarar a yanka shi filoti-filoti ko a jera masa shaguna, da wace hujja za mu tsaya? Cewa "ai yara na wasa a wurin" ba ta taɓa hana awon igiya ba.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya ta sayi littafi guda ga kowane fili, ta damƙa shi ga malamin wasanni ko shugaban matasan unguwa. A riƙa rubuta rana, da waɗanda suka yi amfani da filin, da yawansu, da abin da aka kashe wajen gyara. A rubuta har ranakun da ruwan damina ya kwanta aka kasa wasa, da ranakun da manya suka kori ƙanana, don wannan ma ɓarna ce da ba a cika faɗa ba.

Baɗi war haka, in Allah Ya kai mu, sai mu raba kuɗin da aka kashe da yawan waɗanda suka amfana. Filin da littafinsa ya fi cika, shi za mu fara nema wa katanga da takardar mallaka.