Makarantar Dunbar da Makomar Sakandaren Baƙaƙen Fata a Amurka

A shekarar 1929 aka buɗe makarantar sakandaren gwamnati ta Dunbar a birnin Little Rock na jihar Arkansas, domin 'ya'yan baƙaƙen fata, a zamanin da doka ta hana su zama aji ɗaya da 'ya'yan fararen fata. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1954, wanda ya haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati, sai hukumar ilimin birnin ta mayar da manyan ɗalibai sabuwar makarantar Horace Mann, ta rage wa Dunbar matsayi zuwa ƙaramar sakandare; a yau makarantar midil ce, wato matakin da ke tsakanin firamare da babbar sakandare. Ita ma Horace Mann an rage mata matsayi zuwa ƙaramar sakandare a 1971.

Abin lura shi ne, a jihohin kudu da dama, makarantun baƙaƙe ne aka fi rage wa daraja ko rufewa da sunan haɗe ɗalibai, shugabanninsu da malamansu da yawa suka rasa muƙamansu, unguwanni kuma suka rasa wurin da suke taruwa bikin yaye 'ya'yansu. Gaskiya ne haɗewar ta zama dole, amma ɓangare ɗaya aka ɗora wa mafi yawan nauyinta.