Yafiya Daban, Komawa Bakin Aiki Daban

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai)



An nemi in yi magana a kan mashahuran mutanen da aka zarga da wariyar launin fata, da abin da ya biyo baya a sana'arsu. Zan kawo misalai uku daga fagen wasanni, sannan mu ga abin da za mu tsinta a ciki.

Na farko shi ne Ron Atkinson, tsohon mai horar da 'yan ƙwallo a Ingila. A shekarar 1978, lokacin da 'yan kallo ke jifan baƙaƙen 'yan wasa da ayaba, shi ne yake jera baƙar fata uku a ƙungiyar West Bromwich Albion, wato Cyrille Regis da Laurie Cunningham da Brendon Batson. Daga baya ya zama mai sharhin wasanni a gidan talabijin na ITV. A watan Afrilun 2004, bayan Monaco ta ci Chelsea 3 da 1, sai ya yi wa Marcel Desailly zagin ƙare dangi da kalmar nan da ake wulaƙanta baƙar fata da ita. A zatonsa an kashe makirufo, ashe ana jin sa a wasu ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Nan take ya ajiye aiki, jaridar Guardian kuma ta rufe filin da yake rubutu. Ya nemi afuwa, amma bai sake hawa waccan kujera ba. Magana zarar bunu ce.

Na biyu, Luis Suarez na Liverpool. A watan Disambar 2011 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta same shi da laifin ci wa Patrice Evra mutunci da launin fatarsa, ta dakatar da shi wasa 8, ta ci shi tarar fam 40,000. Abokan wasansa suka fito fili sanye da riguna masu hotonsa don nuna goyon baya. A Fabrairun 2012 Evra ya miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa, sai washegari ya ba da haƙuri a kan ƙin gaisuwar. To me ya sami sana'arsa? A 2014 Barcelona ta saye shi da maƙudan kuɗi, a 2015 ya ɗauki kofin zakarun Turai. Shi kuwa Evra, sai a 2019 Jamie Carragher ya dube shi a talabijin ya ce sun yi kuskure da suka sa rigunan nan. Shekara kusan takwas ke nan.

Na uku, ɗan kokawar Amurka Hulk Hogan. A Yulin 2015 aka bankaɗo wani tsohon faifai da yake zagin baƙar fata, kamfanin WWE ya kore shi, ya cire sunansa daga jerin gwarzayensa. Ya fito a talabijin yana hawaye yana roƙon gafara. A Yulin 2018 kamfanin ya mayar da sunansa. Sai dai Kofi Kingston, haifaffen Gana, da abokan kokawarsa biyu sun fitar da sanarwa cewa su ba za su sake jiki da shi ba sai sun ga canji na gaskiya. A Janairun 2025 'yan kallo suka yi masa ihu a yankin Los Angeles, a Yulin shekarar kuma ya rasu.

Jama'a, ku dubi mutanen nan uku. Atkinson ya ba da haƙuri da wuri, ya rasa aikinsa. Suarez ya ja da maganar, ya ci gaba da ɗaukaka. Me ya bambanta su? A ganina ba girman laifi ba ne, kasuwa ce. Masu sharhi suna da yawa, mai zura ƙwallo irin Suarez kuwa ba a samun sa a ko'ina. Kamfani yakan kori mutum idan ya ga asara, ya dawo da shi idan ya hango riba. Wannan lissafi ne, kada mu kira shi yafiya.

Yafiya tana hannun wanda aka ci wa zarafi. Kamfani ba ya iya yafewa a madadin Kofi Kingston, mu ma 'yan kallo ba mu da ikon yafewa a madadin Evra don kawai muna son ƙungiyar da Suarez ke yi wa wasa. Haka kuma ba na goyon bayan a rufe wa mai laifi ƙofa har abada. Amma in zai shigo, ya fara da zuwa wurin wanda ya ɓata wa, ya ambaci laifin da sunansa, ba tare da cewa "in ranka ya ɓaci" ba, sannan a ga canji a halinsa.

Kafin in zauna, bari in juyo kanmu. Da yawanmu a nan mun laƙaba wa wani abokin karatu suna saboda ƙabilarsu ko yadda harshensa ke karya Hausa, muna cewa wasa ne. Ni ma na yi. Ba makirufon da ya kama mu, ba wanda ya ci mu tara, amma shi wanda aka yi wa bai manta ba. Wataƙila yana zaune a ɗakin nan. In an tashi cin abinci, a neme shi.

Ku kuma ƙannenmu, ku kula da harshe tun yanzu, domin baki shi ke yanka wuya.

Allah ya maimaita mana.