Daga Sauka Kahuta zuwa Kano, ba a tashi daga kujera ba

 Yau tafiya za mu yi, amma kowa ya gyara zama inda yake, babu ruwanmu da guzuri.

Makon jiya na je gaida ƙanwata a Sauka Kahuta, nan cikin Minna. Sunan unguwar kansa ya ishi matafiyi albishir: sauka, ka huta. To ni na sauka, hutun ne ban samu ba. Ko ruwa ban gama sha ba ɗanta ya ja ni ɗakinsa. Tebur ne ɗan ƙarami, da kwamfutar tafi-da-gidanka a kai, da wata sandar tuƙi ta roba da ya saya a gwanjo, an ɗaure gindinta da salatif.

Ya ce, "Kawu, zauna. Yau ni zan kai ka Kano."

Na ce, "Da me?"

Ya nuna allo. Ga jirgin sama ƙarami, Cessna 172, yana tsaye a titin filin jirgin Minna na Maikunkele, farfela tana juyawa. Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi ce. Na zaci tashi zai yi nan take, ashe da sauran aiki. Ya buɗe taswira, ya rubuta haruffa huɗu, DNMN, ya ce Minna ke nan. Ya rubuta DNKN, Kano. Haruffa biyun farko lambar Najeriya ce a tsarin jiragen duniya, kamar yadda DR take ta Nijar. A tsakiya ya sa Kaduna, ya sa Zariya. Sai ga wani layi ja-ja ya miƙe a kan taswira, kwamfuta ta ce tafiyar ta kai kusan kilomita 350, a fuskanci arewa maso gabas, wajen digiri 40 a kamfas.

Ya ce, "Shi ke nan, Kawu. Layin nan kawai za mu bi."

Wannan "kawai" ɗin ita ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta haifi shirinmu na yau. Layin da yaron nan ya zana cikin minti biyu, mutane sun yi shekaru suna lalubensa, wasu ma a wurin laluben suka bar ransu.

Mu koma ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a filin wasan dawakai na Kano. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso ranar 27 ga Oktoba, jagoransu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Me suke da shi na gane hanya? Kamfas, agogo, da taswirar da rabinta fili ne fari. Lissafin kuwa irin na ɗan makaranta ne: na fuskanci nan, ina gudu kaza, na yi awa kaza, saboda haka ya kamata a ce ina bisa gari kaza. Daga nan sai a leƙa ƙasa a gani ko garin ya yarda da lissafin.

Aka ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma a ƙasa. Madugun ayari da ya nufi Gwanja yana da jagaba a gaba, yana da rijiyoyin da ya sani, in ya rikice ya tsaya ya tambayi makiyayi. Matuƙi ba shi da wanda zai tambaya, ba shi da damar tsayawa, ga mai yana ƙonewa. Sannan ga iska. In ta buge ka daga gefe sai ta riƙa zare ka daga hanya a hankali, hancin jirgi yana kallon inda kake so, jirgin kuwa yana tafiya wani wuri dabam. Matuƙa suna da ƙa'ida: kuskuren digiri ɗaya tak, in ka yi mil 60 a kansa, ya kauce da kai mil guda. Ku auna digiri biyar daga Minna zuwa Kano. Kusan kilomita 30 ke nan a gefe. A ranar da hazon hunturu ya sauka, wanda mutum ba ya hango ƙarshen layinsu, za ka wuce Kano ɗungurungum ba ka ga Dala ba.

Shi kansa Coningham, wanda ya kawo jirgi Kano lafiya ya koma, a sama ya ɓata. A watan Janairun 1948 yana fasinja cikin wani jirgi mai suna Star Tiger, jirgin ya ɓace a teku kusa da Bamuda, har yau ba a ga ko ɓaraguzansa ba.

Ina Minna ta shigo cikin labarin? A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Khartum zuwa Kano, ta El Fasher, da Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, da Maiduguri. Kafin shekarar ta fita aka ja hanyar zuwa Legas, zangunan kuwa su ne Kaduna, Minna da Oshogbo. Ku dubi zangunan nan uku da kyau. Dukkansu a kan layin dogo suke. Dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a nan Minna. Ga matuƙin wancan zamani babu alamar da ta kai layin dogo amana: ba ya ƙafewa da rani kamar kogi, ba ya rarrabuwa kamar hanyar shanu, kuma duk inda ya nufa akwai gari, akwai waya, akwai mai. Saboda haka hanyar sama ta farko da ta ratsa garin nan, sawun jirgin ƙasa ta bi.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga Ingila, sai aka koma kawo jirage a akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, a tuƙa su zuwa Masar ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum. Rukunin farko ya tashi a watan Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi hanyar. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin tafiyar. Ƙananan jiragen yaƙi irin su Hurricane mutum ɗaya suke ɗauka, ba shi da hannun riƙe taswira da yin lissafi. Sai a sa babban jirgi samfurin Blenheim a gaba, cikinsa da mai lissafin hanya, sauran su biyo shi a jere. Jagaba da ayari ke nan, sai dai ba jakuna.

Daga baya rediyo ta karɓi aikin ido. Aka kakkafa tashoshi a ƙasa masu aika sigina, jirgi ya kama, allura ta nuna masa inda tashar take. Wanda ya fi shahara shi ne ake kira VOR. Kamar cibiyar keke ce mai spoka 360, kowace digiri da nata layin. Matuƙi ya zaɓi layin da yake so, in ya kauce allura ta karkata, ya bi ta har ta dawo tsakiya. Kowace tasha tana faɗin sunanta da ƙarar waya irin ta Morse. Ta Kano haruffanta KAN, ga yadda take kuka: daa-dit-daa, dit-daa, daa-dit. Matuƙin kirki ba ya yarda da allura sai ya ji wannan kukan da kunnensa. Siginar kuma a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, don haka ƙaramin jirgi da ke ƙasa-ƙasa a Minna ba zai ji Kano ba. Dole a yanka tafiya zango-zango. Har gobe, sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya a taswirar matuƙan duniya da sunan Kano aka san shi, kuma tun 1964 ake koyar da wannan ilimi a kwalejin jiragen sama ta Zariya.

Shi ma koyon tuƙi a ɗaki ba yau aka fara ba. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwati da zugazugan masana'antar kayan kiɗan mahaifinsa. A sa ɗalibi ciki a rufe, ba ya ganin komai sai agogunan gabansa, malami yana gefe a tebur, wani alƙalami mai taya yana zana masa hanyar da ɗalibin yake bi a kan taswira. Sojan Amurka ba su kula shi ba sai a 1934, bayan matuƙansu sun yi ta faɗuwa da jiragen wasiƙa cikin duhu da hadari. Jikan wannan akwati ne ya shigo gidaje a 1982 da sunan Microsoft Flight Simulator. GPS kuma, mai zana layin nan ja-ja, ta cika aiki a 1995, a shekarar 2000 aka cire mata takunkumin da ke rage wa farar hula daidaitonta.

To, mu koma Sauka Kahuta. Na ce wa yaron, "Kashe layin nan. Sa mana hazo, sa iska daga gabas."

Ya dube ni. "Kawu, ɓata za mu yi fa."

Na ce, "Ai ba mai muke saye ba."

Ya yago takarda daga littafinsa, muka rubuta zanguna: Kaduna mil 81, Zariya, sannan Kano. Muka raba da gudun jirgi, muka fitar da mintuna. Na cire agogona na ajiye a tebur. Ya tura maƙura, muka tashi, ya kafa hanci a digiri 40.

Alamar farko ba ta ba mu wahala ba, tafkin Shiroro ne ya bayyana ta hannun dama, fari fat cikin ƙura. Matuƙan 1936 ba su san shi ba, domin madatsar sai a 1990 ta fara aiki. Bayan nan sai daji iri ɗaya, babu abin kamawa. Agogo ya ce lokacin Kaduna ya yi. Muka leƙa, babu Kaduna. Yaron ya fara zufa, hannunsa yana zarya wajen maɓallin GPS, ina buge shi. Na ce iskar gabas yamma take tura mu, garin yana damanmu, kuma ta rage mana gudu. Ya karkata dama, ya rage tsawo. Can sai ga wani siririn zare ya ratsa ƙasa, miƙaƙƙe, ba irin miƙewar kogi ba.

Ya yi ihu har uwarsa ta leƙo. "Kawu, dogo! Wallahi layin dogo ne!"

Muka bi shi har cikin Kaduna, muka gyara lissafi da digiri shida, muka miƙa. Muna hango duwatsun Zariya aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Allo ya yi baƙi. Ƙanwata ta ce to, matuƙa, sai a fito ga tuwo yana hucewa.

Takardar tana aljihuna, mun yi da shi ranar Asabar za mu ƙarasa, wannan karon da kukan tashar Kano.